Telan da Ba a Tambaya Sau Uku Ba

Shekara goma sha huɗu Tela ya yi a gidan, kuma ba wanda ya taɓa jin ya ce wani abu nasa ne shi kaɗai. Iyali tara ne a tsohon masaukin ma'aikata, tukunya ɗaya, sahu ɗaya. Baba ne ya tara su a kan abu biyu: a ji tsoron Allah, a tsaya wa wanda aka danne. In an rushe wa talaka rumfa, ko an kulle ɗan wani ba laifi, gidan ne ke zuwa ya yi magana.

Kwat ɗaya gare su, baƙa, mai maɓalli uku. Duk wanda aka zaɓa ya je gaban hukuma da yawun gidan, ita yake sawa, kuma Tela ne ke rage ta ko ya buɗe ta daidai jikinsa. Ya gyara wa direba, ya gyara wa mai gyaran rediyo, har da wani da ya yi wata shida ya gudu. Shi kuwa sai ya rufe shago yake zura ta, ya tsaya gaban madubi yana yi wa keken ɗinki jawabi.

Ƙa'idar gidan ita ce ba mai neman kwat da bakinsa. Wanda aka ambata sai ya ƙi sau biyu, a tambaya ta uku ya karɓa.

Sai aka ba mazauna bakin layin dogo kwana goma su tashi. Ba wanda ya san su kamar Tela. Shi ke yi musu faci kyauta, ya san tsohuwar da ba ta iya taka ƙafa, ya san ɗakin da aka yi haihuwa makon jiya. Abin da ke hana shi sakat shi ne Ticha, malamin makarantar da ya shigo gidan wata takwas da suka wuce da tabarau da jakar littattafai. Baba ya fara zaunar da shi a damansa. Tela yana lura: ranar Talata kaɗai sau biyar Baba ya ce wa Ticha "ɗana".

Bayan la'asar aka zauna a tsakar gida, Baba ya ce a ambaci mutum. Matar Tela ta riga kowa.

"Ni dai mijina nake ambata. Keken nan ya gaji da jin wa'azi."

Aka yi dariya. Baba ya dube shi. "Tela, za ka je?"

"Ni wa, Baba? Allura na sani."

"Tela, za ka je?"

Wannan ƙin na biyu ya fi jawabin kansa shan bita a shago. So yake ya yi ƙin da ba a taɓa yin irinsa ba, wanda Ticha da duk karatunsa ba zai iya ba. Ya sunkuyar da kai, ya ce harshensa na da nauyi, kada mutane ɗari biyu su rasa matsuguni saboda bakin tela. Ya ce ga masu ilimi Allah ya kawo mana, ya nuna Ticha da hannu biyu. Nufinsa a ji zafin maganar, amma haushi ya sa muryarsa ta yi rawa, idonsa ya kawo ruwa.

Baba ya goge nasa idon da gefen rawani. "Tun da aka buɗe gidan nan ban taɓa jin ƙi na gaskiya ba sai yau. Zalunci ne mu matsa masa."

Aka ambaci Ticha. Ya ce a'a, ya ce a'a, kamar mai amsa kiran suna a aji, ya ce to.

Da safe ya zo awo, ya shanya hannuwa yana murmushi.

"Yaya Tela, wallahi ka ɗaure ni da jijiyata. Ko sunan mutum ɗaya ban sani ba a can. Me zan ce?"

"Kai da ka karanta littafi jaka guda? Ɗaga hannu."

Tela ya tsaya da alli a hammatar kwat ɗin. In ya matse wurin da faɗin yatsa biyu, Ticha na ɗaga hannu a gaban manya za ta yage. Ya daɗe yana kallon wurin. Abin da ya hana shi, kowa ya san ɗinkin wane ne. Ya yi mata gyaran da bai taɓa yi wa kowa ba, ya kuma lissafa masa sunayen, amma ya riƙe labarin tsohuwar, don da shi ya shirya rufe nasa jawabin.

Matarsa ta same shi yana guga. "Maigida, ka tashi ka je ka ce wa Baba saura tambaya ɗaya. Haƙƙinka ce. Gobe fa za a tafi."

Ya je. Baba na zaune a ƙofar ɗakinsa, ya matsa masa wuri a damansa, ya kama hannunsa.

"Ɗana, dama ina nemanka. Na yanke shawara, daga yau duk baƙon da ya shigo gidan nan, labarinka za a fara ba shi. Na kuma faɗa wa kowa, kada a sake ambatonka, kada a ɓata maka abin da ke tsakaninka da Allah. Me ke tafe da kai?"

Tela ya dubi hannunsa cikin na Baba.

"Na zo ne in ce kwat ta yi, Baba. Sai a aiko a ɗauka."