Usur a Bakin Suruki

A shekarun saba'in jirage sun yi wa Jidda yawa. Idan ka tsaya bakin teku da safe sai ka gan su sun jeru har inda ido ya ƙare, kowanne yana jiran wurin tsayawa, wani ya yi watanni bai samu ba. Daga baya sai aka koma sauke kaya a tsakiyar ruwa. A jawo winshi, wato injin ɗaga kaya, a kan nasa jirgin, a jingina shi da babban jirgi, ya riƙa tsamo kaya yana ajiyewa a kan sandal. Sandal faffaɗan jirgi ne marar inji, sai an ja shi. A kansa muke aiki.

Kafin Jidda na yi ɗaurin kaya a Bur Sudan inda aka haife ni, na yi a Musawwa da Adan, na yi shekara biyu a Apapa, na yi uku a Marsiliya. Kowane gari ya bar mini yarensa a baki. Shi ya sa da kamfanin da muke wa aiki ya kawo wani Bature ya koya wa ma'aikata yadda za su tsare rayukansu a ƙarƙashin winshi, aka ce in ajiye igiya in zama tafinta.

Ƙungiyarmu kusan duk Hausawan Sudan ne. Shugabanmu dattijo ne da ya haura sittin, muna ce masa Rayyis. Tun lokacin da ake sauke alhazai da akwatunansu a ƙananan jiragen iska yake wannan aiki. Da murya yake tafiyar da mu, yana da wata waƙa da yake ja idan kaya ya taso, mu amsa. Matarsa ta rasu, 'yarsa ɗaya ce, ita da mijinta suke zaune da shi a gida guda a unguwar Ammariyya. Mijin 'yar yana cikinmu, mutum mai shekara talatin da 'yan kai, marar yawan magana, ga ido mai gani. Ban taɓa ganin ya ci abinci kwano ɗaya da Rayyis ba, ban taɓa ganin ya dubi fuskarsa ba. Idan tsohon yana gaban sandal, shi yana baya. Da mun ga haka sai mu ce ɗan gidan mutunci ne.

Ranar farko aka tara mu a wata rumfar kwano kusa da ƙofar mina, wato tashar jiragen ruwa, aka gaya mana ƙa'ida. Mako guda za a yi ana koyo. Wanda ya ci za a ba shi takarda, wanda bai ci ba ba zai ƙara hawa sandal ba. Kowa ya san ma'anar wannan: kafili, ɗan ƙasar da ya tsaya maka, ba ya sabunta iƙama, wato takardar zama, ga mutumin da ba shi da aiki. Ga matasa abin da sauƙi, su nemi wani wuri. Rayyis kuwa ba mai ɗaukarsa, kuma ba shi da kowa a Sudan sai kaburbura.

Baturen dogo ne, rana ta mai da wuyansa ja, yatsu biyu na hannunsa na hagu babu. Su ya fara ɗaga mana. Ya ce igiyar ƙarfe ta cinye su a wani teku mai sanyi, don ya kama kaya da hannu. Daga nan ya shiga karatu, ni ina juyawa da Hausa da Larabci. A duba igiya kafin a ɗaura, in zare ya tsinke a jefar da ita. Kada a taɓa kaya yana sama, a ja shi da doguwar igiya daga nesa. Kada kowa ya tsaya a ƙarƙashin ƙugiya. Direban winshi ba ya ganin sandal sosai daga ɗakinsa, saboda haka mutum ɗaya ne zai zama idonsa, shi ne mai ishara, da usur a baki da jan safar hannu. Alamar tsayawa ce kaɗai kowa ke da ikon yi: a buɗe hannu biyu a kaɗa su.

Rayyis ya saurara har aka gama, sannan ya dube ni, ya kira ni da sunan tafinta na Larabci.

"Tarjuman, tambaye shi, ya taɓa ɗaure raƙumi mai rai ya sauke shi a jirgi?"

Na tambaya. Baturen ya ce a'a.

"To ce masa ni na sauke, kuma ga yatsuna goma."

Rumfa ta ɗauki dariya. Direban winshi, wani haifaffen Jidda da kakanninsa suka zo hajji ba su koma ba, ya ce, "Ya ammi, raƙumin ne ya ji tausayinka, wallahi. Baƙin ƙarfe ma yi'raf tausayi, bai san shi ba sam."

"Kai rufa mana baki, ɗan sama. Kana zaune a inuwa kana murɗa ƙarfe, ka ce aiki kake."

Na juya wa Baturen rabin maganar, na haɗiye rabi. Haka na yi ta yi har makon ya ƙare.

Ranar gwaji Baturen ya tsaya can nesa yana yin alamu, kowa ya faɗi abin da ya gani. Mijin 'yar bai kuskure ko ɗaya ba. Rayyis ya runtse ido, ya faɗi biyu daidai, sauran ya cinka. Da aka tashi Baturen ya kira ni gefe ya ce tsohon ba ya gani daga nesa, ba zai iya ba shi takarda ba. Na roƙe shi da duk Turancin da na tara. Na ce ba wanda ya fi shi iya ɗauri a minar nan, kuma gaskiya na faɗa. Ya shafa wurin yatsun nan. Ya ce to, zai bar shi a kan ɗauri da kwance ƙugiya, da sharaɗi ɗaya: mai ishara kada ya ɗauke ido daga kansa, in ya matso ƙarƙashin kaya ya busa masa usur, ya kore shi da tsawa. Sai ya nuna mini wanda ya zaɓa ya zama mai ishara. Mijin 'yar ne.

Tun a wurin na gane kunyar suruki ba za ta bar shi ya yi wa tsohon tsawa ba, kuma ban gaya wa Baturen ba.

Bayan la'asar mijin 'yar ya same ni a wani shagon shayi a Balad. Bai zauna a kujera ba, ya tsuguna a gefena.

"Kawu, ka ce wa Baturen ya sa wani."

"Ba wanda ya ci alamun duka sai kai."

"Kawu, ta yaya zan busa wa Baba usur? A gaban mutane?"

"In na gaya masa ku biyu ba za ku iya aiki a sandal ɗaya ba, wa kake jin zai cire?"

Ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce a bar maganar, Allah zai tsare.

Washegari na je Ammariyya na sami Rayyis a ƙofar gida, na yi masa bayani. Ya yi dariya har da tari.

"Ni na hana shi? Kira mini shi."

Mijin 'yar ya fito, ya cire takalmi tun daga nesa, ya durƙusa.

"Ka ji, in muna kan ruwa ni ba surukinka ba ne. Ka gan ni ƙarƙashin kaya, ka daka mini tsawa kamar jaki. Ka ji ko?"

"To, Baba," in ji shi, idonsa a ƙasa.

Rayyis ya juyo gare ni fuskarsa cike da jin daɗi. "Ka gani? Irin wannan ake ba 'ya."

Na koma gida ina tuna Marsiliya. A can na ga mai ishara ya zagi mahaifinsa na cikinsa, zagi mai muni, don ya tsaya inda bai kamata ba, da yamma kuma suka tafi gida tare suna dariya. A Adan wani ya jefi yayansa da hular kwano. A Apapa ma, inda ake kwanciya ƙasa a gai da babba, na ga an finciki tsoho ta wuyan riga. A lokacin raina su nake, ina ce wa kaina mu mun fi su tarbiyya.

An yi makonni lafiya. Mijin 'yar ya samo dabara: ba ya kallon fuskar tsohon, ƙafafunsa yake bi da ido, da inuwarsa. In ya ga ƙafafun sun doshi ƙarƙashin ƙugiya sai ya tsayar da winshi ba tare da ya busa ba, ya yi kamar igiya yake dubawa, har wani ya ja Rayyis da hira ya matsar da shi. Direban ya gane, yana leƙowa yana cewa, "Yalla ya jama'a, mun tsaya gaisuwa kuma?" Baturen yana zuwa duba mu jefi-jefi, ya ga aiki na tafiya, ya gyaɗa kai. Ni ma har na fara yarda mun tsira.

Ranar da abin ya faru da hantsi ne, teku na ɗan tashi, sandal na hawa yana sauka. Ina kansa don Baturen ya ce in riƙa zagayawa. Bututun ƙarfe ake saukewa, dogaye, ɗaure a dami. Wani dami ya taso daga cikin jirgi a karkace, igiyar gefe ɗaya ta zame kaɗan. Mutum biyu na riƙe da dogayen igiyoyin ja, suna ƙoƙarin daidaita shi. Rayyis bai jira su ba. Shekara arba'in hannunsa ya saba tarar kaya, sai ya taka da sauri ya shiga ƙarƙashi ya ɗaga hannu.

Wannan karon ba ƙafa kaɗai ba ce. Tsohon ya juyo ya dubi mai ishara kai tsaye, yana son ya ce a sassauto. Idonsu ya haɗu. Na ga mijin 'yar da usur a leɓensa, na ga ƙirjinsa ya cika da iska, sai na ga kansa ya sunkuya. Ya cire usur ɗin ya ce, da muryar da yake gaishe shi da ita kowace safiya, "Baba, a ɗan matsa." Ina kusa da shi shi ya sa na ji. Ƙarar inji ta rufe sauran.

Alamar tsayawa kowa na da ikon yi. Ni na fassara wannan da bakina, da yare biyu. Amma ina tsaye ina kallon mijin 'yar, ina jira ya busa. Lokacin da na buɗe hannuwana, shi ma ya buɗe nasa, sandal ya riga ya hau kan igiyar ruwa ya daki gindin damin. Bututu uku suka zare.

Rayyis bai mutu ba. Bayansa ne ya karye, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai.

Kwana biyu bayan haka aka kira mu ofis. Baturen ya tambayi mijin 'yar me ya sa bai busa ba. Na juya. Ya ce, "Na kau da ido." Aka sake tambaya, ya sake faɗin haka. Wani ma'aikaci ya rubuta, aka karɓe usur da jan safar da takardar. Da muka fito na bi Baturen har wurin motarsa, na gaya masa komai, abin da ya kamata in faɗa tun ranar gwaji. Ya saurara bai katse ni ba. Ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na faɗa masa. Ya ce da ya sani da ya cire tsohon. Na ce na san haka. Ya buɗe mota ya shiga.

Rayyis ya yi wata uku a asibiti. Na je sau da yawa. Bai taɓa ɗora laifi a kan kowa ba, sai dai ya ce igiyar ce ba a ɗaura daidai ba, da shi ya ɗaura da ba ta zame ba. Iƙamarsa ta ƙare yana kwance, kafili bai sabunta ba. Mijin 'yar ma ba takarda, ba sandal, kuma bai nemi wani aikin ba. Ya ce ina zai bar Baba ya tafi shi kaɗai.

Na raka su mina ranar da za su hau jirgin Bur Sudan. 'Yar tana gaba da ƙunshin kaya, ba ta dube ni ba, ban san ko mijinta ya gaya mata yadda abin ya faru ba. Matakalar jirgin ta yi tsayi, ba ta ɗaukar gadon marar lafiya, sai mijin 'yar ya durƙusa aka ɗora masa tsohon a baya, aka ɗaure da zane. Rayyis ya leƙo ta kan kafaɗarsa ya ce mini, "Tarjuman, duba ɗaurin nan, ka ga ba su iya ba." Na gyara kullin. Suka hau a hankali, kan tsohon jingine da wuyan mijin 'yarsa, shi kuma fuskarsa a karkace gefe guda don kada numfashinsu ya haɗu. Wasiƙa ɗaya na samu daga gare su, bayan shekara, cewa Rayyis ya rasu.

Baturen bai kai ƙarshen shekarar ba ya koma ƙasarsu, kamfanin ya bar mini rumfar. Na yi shekara bakwai ina koyar da igiya da ƙugiya da usur. A kowane sabon aji, kafin in fara, nakan ce duk wanda yake da suruki a cikin ƙungiyarsa ya ɗaga hannu. Sai a yi dariya, a ce Tarjuman ya fara. Sau da yawa na san su waye, ina ganinsu, ɗaya a layin gaba ɗaya a can baya kusa da ƙofa. Na baya ba zai ɗaga hannu a gaban na gaba ba. Sai in jira kaɗan, in ɗauki igiyar ƙarfe, in fara nuna musu inda zare ke tsinkewa.