Tuwon da Aka Ci a Toranke

Mun tashi da asuba, ko in ce an tashe ni, don ni dai ban gama sallama da barci ba aka tura ni mota. Mu uku ne: ni, da yayana, da ɗan babban wanmu marigayi, wanda saboda shi aka yi tafiyar. Saurayi ne mai gemunsa, gyaran keken ɗinki yake yi a Kano. Yana son wata tela 'yar Toranke, ita ma tana son sa. Danginta sun aiko bincike unguwarmu, wani mai dogon baki ya ce musu yaron yana da taɓi. Sai suka ce kafin a yi maganar aure a kawo shi su gani da idonsu. In bai kwanta musu ba, magana ta mutu.

Ku da ba ku san shi ba, ga yadda yake. Likitoci suna kiran abin otizim. Hayaniya tana damunsa, ba ya kallon mutum ido cikin ido, magana kuma yadda ka faɗe ta haka yake ɗaukarta, ba ragi ba ƙari.

Motar da muka shiga, ina kyautata zaton ita ta kai kakana makarantar allo. Direba ya ƙure rediyo har kujeru suna rawa. Ɗan namu ya toshe kunnuwa ya sunkuyar da kai. Yaron mota ya tambaye ni ko ba shi da lafiya ne, na ce lafiyarsa ƙalau, rediyon ne ke buƙatar asibiti. Aka yi dariya, aka rage sauti. Kafin mu haye gadar Wudil ya ɗago yana kallon masu ɗiban yashi a bakin kogi.

A Gaya muka sauka muka karya. Ƙosan yanzu ya rame, sai ka sa tabarau kafin ka gan shi a takarda, farashinsa kuwa ya yi ƙiba. Muna shan koko yayana ya ja ni gefe ya kawo dabara: in an tambaya mu ce aljanu ne suka taɓa shi yana ƙarami, an yi ruƙiyya sun fita. A cewarsa mutane sun fi yarda da aljan da ya tafi a kan hali da ya zauna. Ina cikin ce masa ƙarya a gindin aure ba ta ɗorewa, sai muka ji murya a bayanmu.

"Baffa, ni ba a taɓa yi mini ruƙiyya ba."

Dabara ta mutu nan take, ko jana'iza ba a yi mata ba.

Daga Gaya zuwa Ajingi gonaki ne hagu da dama, dawa ta sunkuya, gyaɗa an tuge an kife ta tana shan rana. Wani garken shanu ya tare mu, da alama sai da kowace saniya ta gaisa da direba kafin ta tsallaka. A Ajingi muka hau babura. Ramukan hanyar Toranke sun sauya wa ƙashin bayana tsari, har yau ban gano inda wasu suka koma ba.

A zaure muka tarar da baffan yarinyar, dattijo mai sanyin magana, da kawunta, da wasu maƙwabta da suka zo kallo da sunan gaisuwa. Farkon zama ya yi kyau. Ɗan namu ya durƙusa, kansa a ƙasa, na ji wani yana cewa yaran birni ba kasafai suke da kunya haka ba. Na ce a raina, yau abin da ake yi masa gori a kai ya zama ado.

Sai aka kawo tuwon dawa da miyar kuka, man shanu yana yawo a kai. Kowa ya san suruki ba ya cin abinci a gaban surukai. Za a ce bismilla, ya ce alhamdu lillahi, a matsa, ya ƙi, a yaba masa. Daga ni har yayana babu wanda ya tuna ya gaya masa. Dattijo ya ce masa ya ci, ɗan namu ya wanke hannu ya ci. Aka ce ya ƙara, ya ƙara.

Kawun ya karkata ga na kusa da shi, ya ce ai dama an faɗa musu, yaron ba shi da cikakken hankali. Ya faɗa a hankali, amma irin a hankalin da ake ji a bayan gari.

Ni da ake gayyata biki don in ba da dariya, na laluba aljihun raha na ji wayam. Na ce wa dattijon hankalinsa cikakke ne, kuma ba ciwo ne da shi ba balle a jira ya warke. Haka Allah ya yi shi, kansa yana aiki ta wata hanya da ba irin tamu ba. In ka ce ci, zai ci, don bai san ana faɗin abin da ba a nufa ba. In ka gaya masa ƙa'ida sau ɗaya, ya riƙe ta ke nan. Na ce kalmar taɓi da wani ya jefa masa ita ta kawo mu har nan, ina roƙo kada a ƙara masa wata a wannan zaure.

Dattijon ya juya ga ɗan namu.

"Ɗana, ba ka san suruki ba ya ci a gidan surukai ba?"

"Ba a gaya mini ba, Baba. Yanzu na sani. Amma me ya sa aka ce in ci?"

Dattijon ya shafa gemu. Ya tashi ya shiga cikin gida, ya bar mu da kwanon da aka sharce da idanun maƙwabta. Da ya fito ya ce ya tambayi yarinyar, ta ce ta san halinsa tun ranar da ta fara kai masa keke gyara, kuma bai taɓa gaya mata abin da ba haka yake ba. Ya ce mu dawo bayan an gama kaka a sa rana. Kawun ya saka takalmi ya fita ba sallama, ya tafi da kalmarsa a baki. Na san za mu sake haɗuwa da ita a wurin biki.

A hanyar dawowa babu mai ƙarfin murna. Yayana ya yi barci tun kafin Gaya. Ɗan namu ya taɓo ni ya tambaya ko akwai sauran abubuwan da ake faɗa ba a nufe su ba, yana so ya sani kafin ya koma. Na fara da gaisuwa, yadda mai zazzaɓi ke cewa lafiya lau. Har muka shigo Mariri ban fita daga babin gaisuwa ba.

Na isa gida da magariba, jiki duk a mace. Abin da na ɗauko daga tafiyar shi ne, yini guda na yi ina yi wa mutane bayaninsa, na dawo ana gasa mini baya da ruwan zafi. Shi kuwa tun da ya fara magana yake fama da fahimtar namu zancen, ba mai yi masa bayani, kuma ban taɓa jin ya kira ɗayanmu mai taɓi ba.