Uwarmu Ƴar Ƙetare

Ina aji na biyu a kwalej ɗin Diffa aka turo mana sabon malamin tarihi daga yamma. Duk malamanmu Mushe muke kiran su, amma shi tun ranar farko ya ce ba ya so, a ce masa kamarad, wato abokin gwagwarmaya. Bakinmu ya riga ya saba, muka ci gaba da Mushe har ya gaji ya bari. Dogo ne siriri, ba ya sa kwat irin na ma'aikata, sai taguwar saƙi, kuma keke yake hawa cikin yashin garin nan da ko jaki sai ya yi nishi.

Mu Barebarin bakin kogin Komadugu ne, noman tattasai muka gada. Ƙauyenmu yana gabas da Diffa ta hanyar Bosso, ni kuwa ina zaune wajen gwaggona a gari saboda lakwal, wato makarantar boko. Innarmu daga ƙetaren kogi aka auro ta, daga wani ƙauye da idan ka tsaya a gonarmu kana jin dakan matansu. Da rani kogi ya ƙafe, da ƙafa ake zuwa. Idan ruwa ya zo sai a rungumi gora a haye. Ban taɓa jin wani a gidanmu ya ce zai je Najeriya ba. Gidan kawu ake zuwa.

A bakin Mushe na fara jin kalmar juyin juya hali. Yakan ce Nasara ne suka zauna a teburinsu can ƙasarsu, suka ja layi a kan kogin da ba su taɓa shan ruwansa ba, suka raba uwa da ɗa. Ya ce wata rana talakawan ƙasar nan za su tashi su karɓi abinsu, kuma daga gona za a fara, ba daga ofis ba. Idan ya shiga labarin sarakuna da mayaƙan da suka ƙi bin Nasara, har jijiyar wuyansa ke tashi. Mu kuwa ƴaƴan manoma da kullum ake yi wa dariyar Hausarmu mai nauyin Barbarci, ba mu taɓa jin wani ma'aikaci ya ce mu ne ƙashin bayan ƙasa ba sai shi. Da ya ce mu faɗa wuta, da mun faɗa.

Wani hutu na kai wa kakata labarin ɗaya daga cikin jaruman nan, ina ta zuba. Tana tsinkar tattasai a tabarma, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Wannan ai mun san shi. Mutanensa ne suka ƙone rumbunan garinmu, suka tafi da ƙanwar kakata a ɗaure. Shi ne yanzu kuke rera wa waƙa?"

Da na koma na gaya wa Mushe. Na zaci zai yi fushi, sai ya yi dariya, ya dafa kafaɗata.

"Tsohuwa ba ta yi ƙarya ba," in ji shi. "Amma ƙasa gini ce. Mai gini ba ya tambayar abin da ke cikin laka, ya dai kwaɓa. Ka kai ni in gaishe ta."

Na kai shi. Babanmu ya yanka masa kaza, Inna ta yi masa burabusko da miyar kifi. Daga ranar ya zama ɗan gida. Yana ce wa babanmu Baba, babanmu yana ce masa Malam. Lokacin tsinkar tattasai yakan zo ya cire takalmi ya shiga gona, ya yi ta atishawa muna dariya. Da aka yi suna a gidan kawunmu, da shi muka haye. Kogi ya ƙafe a lokacin, sai ya tsaya tsakiyar yashi ya buɗe hannuwa, ya ce wa yayana, "To, nuna mini iyakar. Ina take?" A ƙetare kawunnina suka shimfiɗa masa tabarma mafi kyau, ya ci, ya sha, ya sa wa jaririn albarka, ya riƙa tambayar sunan kowa da yadda dangantaka ta tafi. Mun ɗauka son zumunci ne.

Yayana bai yi lakwal mai nisa ba, ya tsaya a firamare ya koma gona, amma yana da baki kuma mutane suna jin maganarsa. Da aka buɗe siyasar jam'iyyu, Mushe ya buɗe reshen wata parti a Diffa, yayana ya zama ƙafarsa da harshensa. Mushe ba ya jin Barbarci, yayana ne ke juya maganarsa a ƙauyukan kwari, tun daga wajen Maine har bakin tabki. Ya bar gona a hannun tsoho, ya yi ta bin ƙauyuka bisa aron babur. Babanmu ya yi ƙorafi sau ɗaya, Mushe ya ce, "Baba, gonar da yake nomawa yanzu ta fi wannan girma."

Mushe ya ci zaɓen majalisa, ya tafi Yamai. Bayan haka abubuwa suka yi ta jujjuyawa a ƙasar: sojoji su zo, farar hula su dawo, albashi ya tsaya, lakwal ta rufe shekara ta lalace. Duk juyin da aka yi, sai mu ji Mushe yana gefen da ya yi sama. Ya sauya parti, ya sake sauyawa. Keke ya zama mota, taguwar saƙi ta zama babbar riga mai aiki. Idan ya zo Diffa ba ya isa ƙauye, sai ya aiko a gaida Baba. Ni dai ban daina kare shi ba. Ina ce wa abokaina mutum ba ya gyara ɗaki yana waje. A wannan tsakanin na gama karatu, na zama malamin lakwal, kuma tarihin nake koyarwa, da kalmomin Mushe, har da yadda yake ɗaga yatsa.

Da aka zo zaɓen ƙananan hukumomi, dattawan ƙauyukanmu suka taru suka ce yayana ya tsaya musu. Sun gaji da alkawarin gyaran hanya da na taki da ba su gani ba. Partin Mushe tana da nata ɗan takara, wani ɗan kasuwa mai manyan motoci, don haka yayana ya tsaya a wata ƙarama. Kafin ya amsa sai da ya je har gida ya gaya wa Mushe, don kada ya ji a bakin wani. Mushe ya ce masa, "Allah ya ba mai rabo."

Ranar babban mitin, wato gangamin partin Mushe, a filin gari, na je da la'asar bayan an tashi daga lakwal. Ba komai ya kai ni ba sai son in ji muryarsa a lasifika, don na daɗe ban ji ba. Ya fara da abin da na sani: ƙasa, tuta, jinin kakanni. Har na fara tafa masa kamar dā. Sai ya sauke murya.

Ya ce akwai masu kwana a wancan gefen kogi su wayi gari suna neman mulki a wannan gefen. Ya ce ƙasar nan tana da masu ita. Ya ce akwai wani ɗan takara, ba zai faɗi sunansa ba, amma a tambaye shi ina aka binne cibiyar uwarsa. Sannan ya faɗi sunan ƙauyen Inna. Ya faɗi sunan babban kawuna da na ƙarami. Ya ce shi ba jita-jita yake ba, da idonsa ya gani, ya shiga gidan, ya ga kuɗin da suke kashewa ba namu ba ne, hoton shugaban da ke bangonsu ba namu ba ne.

"Wanda ya sha nonon ƙetare," ya ce, "ranar da aka shiga tsakani, wa zai bi?"

Fili ya ɗauki ihu. Rabin masu ihun nan, na rantse, suna da uwa ko kaka ko suruka a ƙetare. Wani da ke kusa da ni ya juyo ya gane ni, ya sunkuyar da kai. Abin da ke yawo a kaina shi ne hannun Mushe cikin akushin kawuna, yana gutsurar kifi yana cewa bai taɓa cin mai daɗinsa ba.

Cikin kwanaki kaɗan aka shigar da ƙara cewa yayana ba ɗan ƙasa ba ne. A gida aka haife shi, a ɗakin kakata, ba wanda ya yi masa takardar haihuwa sai da zai shiga lakwal, ita ma ta shaidu ce. Aka ce shaidun dangi ne. Ya yi ta zirga-zirga tsakanin kotu da ofis, yau a ce ya dawo gobe, gobe a ce mai sa hannu ya yi tafiya. Kafin a tabbatar masa da abin da kowa ya sani, an rufe karɓar ƴan takara. Bayan zaɓe aka kira shi aka ba shi takardarsa, aka ce ai kuskure ne.

Inna ce ta fi ba ni tausayi. Ita da ke kawo tattasai da kuɓewa kasuwar Diffa tun kafin a haife ni, sai ta daina zuwa, don yara sun fara bin ta da waƙar ƴar ƙetare. Ta ce mini, "Ni ban san na yi wa ɗana laifi ba da na haife shi." Da aka sake kawo wa babanmu gaisuwar Malam, ya dubi ɗan aiken ya ce, "Wane Malam?"

Na je gidan Mushe na Diffa da hantsi, ranar da ba lakwal. Mutane cike da rumfa, na jira har ya sallame su. Da ya gan ni ya washe baki, ya sa aka kawo mini lemo mai sanyi.

Na ce, "Mushe, kai ka tsaya tsakiyar kogi ka ce a nuna maka iyaka."

"Na faɗa," in ji shi. "Kuma gaskiya ce."

"To, wadda ka faɗa a fili fa?"

"Ita ma ta yi aikinta." Ya gyara zama. "Kai malami ne yanzu, ka san aji daban, fili daban. Ku yara ne a lokacin, kuna bukatar abin da zai ɗaga muku kai, na ba ku. Mutanen fili suna bukatar abin da za su ji tsoro, na ba su. Yayanka ne ya shigo gonar da ba tasa ba."

"Uwarmu ta dafa maka abinci."

"Allah ya saka mata. Ban zage ta ba, na faɗi garinsu ne kawai. Ƙarya na yi?"

Na shirya maganganu da yawa a hanya, duk da salonsa na shirya su, sai na ga ba ni da kalma ɗaya da ba shi ya ba ni ba. Ya ce akwai gurbi a ofishin sufeton makarantu, idan ina so zai yi magana, in huta da alli. Na ajiye lemon ban sha ba, na ce na gode, na fita. Yana kira na da sunan da yake kira na tun ina yaro, ban juya ba.

Yayana bai ƙara shekara a ƙauye ba. Ya ce ba zai iya haɗa sahu a masallaci da mutanen da suka yi ihu a filin nan ba. Ya kwashi iyalinsa ya haye wajen kawunnanmu, ya shiga fataucin tattasai zuwa Maiduguri. Kasuwa ta karɓe shi, ya yi gida. Amma can ɗan Faransa suke ce masa, kuma duk shingen da ya iso sai an tambaye shi takarda. Ya taɓa ce mini yana dariya, dariyar da ba ta kai ciki ba, "Can ni ɗan nan ne, nan ni ɗan can ne. Sai dai in gina ɗaki cikin ruwa."

Bayan wasu shekaru, ranar bikin ƴancin kai da ake dashen itatuwa, aka zaɓi lakwal ɗinmu. Mushe yana cikin manyan baƙi. Ni aka sa na jera yara suka rera taken ƙasa, ƙananan muryoyi cikin zafin rana, wasu ba takalmi. Aka miƙa masa dashen dogon yaro, ya durƙusa da babbar rigarsa ya sa a rami, aka tafa. Da ya zo gaisawa da malamai ya riƙe hannuna bai saki ba, ya juya ga firefe, shugaban gunduma, ya ce, "Wannan ɗalibina ne. Ni na gina shi."

Na ce, "Haka ne."

Motoci suka tafi suka bar mu da kujerun haya. Darektan lakwal ya ce kowane aji ya ɗauki itace ɗaya ya kula da shi, na Mushe ya faɗo a ajina. Muka kewaye shi da ƙaya saboda awaki, yara suna ɗebo masa ruwa daga famfo da safe. Ya kama, ya yi inuwa. Kafin a canja mini wurin aiki, mata masu sayar da ƙosai sun fara zama a ƙarƙashinsa lokacin tara.