Ƴar Gitar da Ta Tayar da Raƙuma

Yau ƙaramin abu ya hargitsa kasuwar Gure. Ari makaɗi ya zo rumfata hankali tashe: garayarsa ta fashe, ga biki gobe a Kelle. Na miƙa masa ƴar gitar da wani soja ya sayar mini.

Ya ce, "Maigida, wannan ƴar mitsitsiya? Ganguna za su haɗiye ta."

Na ce, "Taɓa ka ji."

Da yatsa nake nufi. Shi kuwa ya zaro busasshiyar fatar kaɗa garaya, ya zabga wa wayoyin iya ƙarfinsa. Raƙuman da ke gurfane suka zabura, ɗaya ya tsinke igiya ya tattake tabarmar mai dabino.

Ari ya rungume gitar ya ce, "Ta yi," ya wuce. Mai dabino kuwa har yanzu yana zaune a ƙofata.