Randa ta Uku a Ƙofar Gidanmu

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Haruna, kuma sai bana na samu bakin yin maganarsa a gaban mutane. A gidanmu na unguwar Kalakla a Khartoum, in aka ambace shi sai a yi shiru, kowa ya kama kallon tabarma. Bai ci amanar kowa ba. Mai walda ne, mai yawan dariya, duk raksha, babur ɗin hayar nan mai ƙafa uku, da ta tsage a layinmu wajensa ake tura ta. Abin da ya jawo shirun shi ne Yaya ya bar salla tun yana saurayi, daga baya kuma ya faɗa wa na cikin gida cewa shi bai yarda akwai wata rayuwa bayan wannan ba.

A waje an ɗauka lalaci ne kawai irin na samari. Mu muka san gaskiya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta taɓa kama sunansa ba, "yaron nan" take cewa. Ko a ranar da ya faɗa mata abin da ke ransa, ba ta zage shi ba. Tashi ta yi ta shiga ɗaki ta tayar da salla.

Babanmu ya ƙare ƙarfinsa a gonakin audugar Jazira kafin ya kwaso mu zuwa Khartoum. Da ya rasu, Inna ta ce a kafa masa sabil, randunan ruwan nan da ake jerawa a ƙofar gida don mai wucewa ya sha, ladan ya je wa mamaci. Randa biyu ta nema, ɗaya ta Baba, ɗaya ta mahaifiyarta. Yaya ne ya yi ƙarfen da za a ɗora su, sai ya yi shi da zobe uku. Inna ta ce ai biyu ta ce. Ya ce ƙarfe ne ya yi saura, kuma wa ya sani, ko wata rana a buƙata. Haka zoben nan na uku ya zauna babu komai a kansa, sai kyanwar maƙwabta da ke kwanciya a danshin ƙarƙashinsa.

Shi ne kuma mai cika randunan. Kowace safiya kafin ya buɗe shago zai tare mai karo, wato amalanken jaki, ya sayi ruwa, ya wanke su, ya cika, ya jiƙa buhun da ya naɗe su da shi don ruwan ya yi sanyi. Ruwa mai ɗumi shi ne abin da ya tsana a duniya, ya kan ce gara a ba shi shayi a gaya masa gaskiya. Wata safiya ina riƙe masa bokiti, ina 'yar budurwa, na kasa haƙuri.

"Yaya, kai da ka ce babu komai a can, wa kake tara wa wannan ladan?"

Bai ji haushi ba. Ya ce, "Auta, lada ban san inda yake zuwa ba. Ƙishirwa kuwa na san ta. Miƙo bokitin."

Karatuna bai yi nisa ba, ban iya jayayya da shi ba, shi ma bai taɓa nema ya janye ni daga addinina ba. In azumi ya zo shi ke sayo mana dabino da ƙanƙara, ya zauna a gefe yana tsokanata wai na fi kowa saurin jin kiran salla in na magariba ne.

Inda na fi tuna shi shi ne rasuwar ɗana na fari, wanda zazzaɓi ya ɗauke bai kai ga yaye ba. Mata suka cika gida, kowace tana ce mini in yi haƙuri, yaron ya riga ni zuwa Aljanna, zai tsaya a ƙofa ya ƙi shiga sai da ni. Na yarda da wannan magana, har gobe na yarda, ita ce ta hana ni hauka. Amma da mutane suka watse, wani abu dabam ke cin raina: ko na makara wajen kai shi asibiti, ko ya sha wahala ban lura ba. Wannan ba wanda ya taɓa mini shi. Sai Yaya ya zo ya tsuguna a bakin ƙofa da hannayensa baƙi ƙirin na aiki. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, shi bai san inda yaron yake ba. Abin da ya gani da idonsa zai faɗa: yaron nan tun da ya zo duniya bai kwana da yunwa ba, bai yi kuka an bar shi ba, kuma duk abin da ya sani na duniya ɗumin bayana ne. Ranar na fara yin barci. Matan sun faɗa mini inda ɗana ya tafi, Yaya ya faɗa mini yadda ya zauna. Duka biyun nake buƙata.

Bayan shekara biyu motar haya ta kife da Yaya a hanyar Jabal Awliya. Aka yi masa wanka, aka yi masa salla, aka kai shi kamar kowa. Amma da aka tashi zaman makoki na ce a sayo randa a ɗora a zoben nan, sai Kawu Malam, wan Inna, ya kira mu ɗaki. Bai ɗaga murya ba, idonsa ma da hawaye, don shi ya koya wa Yaya Fatiha. Ya ce wanda ya furta da bakinsa cewa ya fita daga addini, ba a yi masa sadaka da sunansa, a bar shi da Ubangijinsa. Na dubi Inna. Ba ta ce komai ba. Tun daga ranar ban san ko shirunta na kunyar ɗan fari ne ko na uwar da ta cire rai ba, kuma tsoro ya hana ni tambaya.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne, maganar da aka lallashe ni da ita a kan ɗana, ba wanda ya iya faɗa mini ita a kan yayana. Sai a ce "sai haƙuri", a tsaya nan. In na ɗaga hannu bayan salla na zo kan sunansa, harshena ya yi nauyi. In na tsallake shi kuma, in wuni kamar na bar yaro a kasuwa. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Sai yaƙi ya zo, muka kwashi Inna da yarana biyu muka gudu Gadarif wajen dangin mijina. A hanya na sha tambayar kaina me Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Da ya ga an binne mutane a tsakar gida don ba halin zuwa maƙabarta, wataƙila ya ce ga abin da yake faɗa. Amma da ya ga matan da ke dafa wake a bakin masallaci suna raba wa duk wanda ya miƙo kwano, na san ba zai tsaya gardama ba. Zai je ya duba ko murhunsu na buƙatar walda. Ni kuwa tun daga lokacin ko ƙofa aka buga da ƙarfi sai na laluba yarana, ruwa ma sai na tafasa kafin su sha, har mijina na ce mini likitar gida.

Da muka dawo Kalakla, ba ƙyaure, ba gado, randunan nan biyu sun zama tsingaro. Ƙarfen Yaya kaɗai ke tsaye, don ya kafa ƙafafunsa cikin siminti, masu kwasa sun gwada sun gaji. Na haye gada zuwa Umdurman wajen masu tukwane, ina ƙwanƙwasa randuna ina sauraron wadda ba ta da tsaga, yadda ya koya mini. Biyu Inna ta aike ni in sayo. Na sayo uku. Ban yi shawara da kowa ba, kuma ban ce ta wane ba ce. A zuciyata dai na ce: ya Allah, ga ruwa, Kai ka san bawanka da abin da ya cika a kansa, ni ƙishirwa kawai na sani.

Duk hanyar dawowa ina shirya abin da zan ce wa Inna. Ban san makomar Yaya ba, hukuncin ba nawa ba ne, kuma ban fi Kawu sani ba. Abin da ya rage mini nasa shi ne ƙarfen da ya ƙi tumɓukuwa, da maganar da ta sa ni barci, da hannun da ya saba cika randa kafin rana ta yi zafi.

Inna ta fito tana dogara sanda, ta tsaya tana kallon mai raksha yana sauke su. Ta ƙirga da ido. Sannan ta nuna ta ukun da bakin sandarta.

"Auta, wannan ki naɗe ta da buhu biyu, ki juyo ta wajen inuwa. Yaron nan ba ya son ruwa mai ɗumi."