Ranar da Na Kai Ɗiyata Wurin Mai Wankin Hula

Ni mutum ne mai mantuwa, kowa ya shaide ni. Na taɓa zuwa kasuwa da babur na dawo gida a ƙasa, sai da na ci tuwo na wanke hannu sannan na tuna da abin hawa na fita. Amma akwai rana guda da ko buɗe kaina aka yi aka wanke da soso da sabulu ba za ta fita ba. Ranar da na ɗauki ɗiyata daga unguwar Minanata zuwa unguwar Gidan Dare a Sakkwato neman yafiya, na dawo da kayan da suka fi waɗanda na tafi da su nauyi.

A lokacin kabu-kabu nake yi, tasharmu tana ƙarƙashin wata bishiyar dogon yaro a Sama Road. Sana'ata biyu ce, ɗaukar fasinja da ba mutane dariya, ta biyun ma ta fi kasuwa. In na ga mutum sau ɗaya, shi ke nan na kwashe tafiyarsa da muryarsa har da yadda yake susar kunne. Na sha sa ƙato ya faɗo daga kan babur don dariya, babur ɗin a tsaye.

Kusa da mu akwai wani mai wankin hula, ya girme ni nesa. Shan inna ta shanye masa ƙafar dama tun yana yaro, in zai yi tafiya sai ya dafa gwiwa da hannu, ya nutse ya taso, ya nutse ya taso. Ni na laƙa masa suna Kwale-kwale. Duk sanda ya tashi shanya huluna ko zai je alwala, sai in bi bayansa da hannu a gwiwa, ina ihu, “A riƙe kaya, ga igiyar ruwa nan!” Tasha ta kwashe da dariya. Shi ko waiwaye ba ya yi, iyakarsa ya ce, “Allah shi shirye ka, yaro.” Shekara shida muna haka. Daga baya aka yi gyaran titi, ya kwashe kayansa ya koma Gidan Dare, ni kuma na manta da shi kamar yadda na manta da babur.

Na yi aure, matata ta haihu. Naƙuda ta yi tsawo, yarinyar ta fito ba ta yi kuka ba sai can. Wata shida wuya bai tsaya ba. Shekara biyu babu zama. Shekara huɗu babu tafiya, babu magana, sai dai sauti da yawu da wasu manyan idanu masu bin mutum duk inda ya yi. Likita ya ce ƙwaƙwalwa ce ta taɓu wurin haihuwa, sai dai gashin ƙashi a asibiti da haƙuri.

Addu'a kuwa, jama'a, ba a magana. Rubutun da yarinyar nan ta sha, da tara shi aka yi da an noma shinkafa da shi a fadama. Sadakar masar da muka yi, yaran layinmu har kumatu suka ajiye. An yi saukar Alƙur'ani a gidana ban san iyaka ba. Duk alhajin da zai tashi daga unguwarmu sai na bi shi har bakin mota da sunanta a takarda, ko bai san ni ba. Matata ta yi azumi har ta koma kamar tsinken tsire. Labarin Annabi Ayuba kuwa an ba ni shi har na haddace, kowa ya zo dubiya da shi yake sallama. Ni kuma in sunkuyar da kai in ce haka ne, amma a zuciyata ina cewa, to ai shi ya warke a ƙarshe. Allah ya yafe mini, amma haka nake cewa.

Ana nan sai Innata ta zo daga ƙauye bayan an gama yankan gero. Ta zauna ta ƙura wa yarinyar ido, ta juyo ta ƙura mini.

Ta ce, “Addu'a ba ta hawa in da hakkin wani bisa kai. Kai kau bakinka bai bar kowa ba. Tuna wanda kat taɓa.”

Ba ta rufe baki ba Kwale-kwale ya faɗo mini a rai, yana nutsewa yana tasowa. Na dubi ƙafafun ɗiyata a kan tabarma, sirara, a harɗe. Sai na ji kamar an zuba mini ruwan randa a ƙeya. Na ce shi ke nan, ni na yi. Ni na karya ta da bakina tun ba a haife ta ba.

Wata uku ban ba kowa dariya ba. A tasha har aka fara raɗe-raɗin aljanu sun shafe ni. Abin da ya fi muni, na daina iya kallon yarinyar. Da can in na dawo sai na yi mata kukan jaki da tafiyar agwagwa, ta yi ta ƙyaƙyata har ta shaƙe. Yanzu sai in wuce ta kamar wanda ya ga mai binsa da sanda. Matata ta ce, “Ita mi tay yi maka da kab bar yi mata wasa?”

Amma a ƙarƙashin wannan baƙin cikin akwai wani ɗan daɗi da na ɓoye. Na yi lissafina irin na ɗan tasha: tunda laifina ne, to maganin yana hannuna. In ya yafe, addu'o'in nan da suka taru a bakin ƙofa za su wuce gaba ɗaya, yarinya ta miƙe. Har takalmi na saya mata, ja, irin mai ƙara ɗin nan in yaro ya taka. Na sa shi a aljihu, na ɗaure ta a ƙirjina da zanen uwarta, na tayar da babur.

Ranar Alhamis ce da hantsi, rana irin tamu ta Sakkwato wadda ƙadangare ke gudu da ƙafa biyu. Na yi tambaya aka nuna mini rumfarsa. Ga shi nan ya yi furfura, ga huluna an kife a kan itatuwansu sahu-sahu kamar masu jiran liman, ga mutane uku suna jiran nasu saboda gobe Juma'a. Yana ɗaga kai ya gane ni.

Ya ce, “A'a, ɗan kabu-kabu! Kwale-kwale kaz zo hawa? Ruwa sun janye, yaro.”

Na kwance yarinyar na kwantar a kan benci, na durƙusa a cikin ruwan sabulu. Na ce, “Baba, gahwara niz zo nema. Dubi. Allah ya isam maka, ya rama maka, ga sakayyakka nan kwance. Ka yahe mini ko Allah ya sa ta tashi.”

Ni a zatona na yi magana mai kyau. Har ina jiran ya yi hawaye ya rungume ni. Sai ya ajiye buroshi a hankali, ya goge hannu a riga. Fuskarsa ta canza irin yadda ban taɓa gani ba.

Ya ce, “Maimaita.”

Na sunkuyar da kai, ya ci gaba.

“Shekara shida kana bin bayana, ban taɓa jin ka zage ni ba sai yau. Ke nan ɗiyag ga bulala ta? Allah ya rasa inda za shi buge ka, ga ka ƙato da ƙahwa biyu, sai ya kama yarinyad da ba ta san komi ba don ni in ji daɗi? Ni nic ce ina so? To ni hwa, bulalaw wa? Uwata ta goye ni gari-gari wurin malamai har bayanta ya yi kanta. Ta mutu da tazbaha ga hannu, ko kaza ba ta taɓa yi ma dariya ba. Hwaɗa mini, wa tat taɓa?”

Ni kuwa abin da na danne shekara huɗu ya taso mini. Na ce, “To Baba, don mi? Mun roƙa, mun roƙa, mun roƙa. Wanda bai ko salla ɗiyanai na guje-guje bisa titi. Don mi?”

Ya ce, “Ni kaka tambaya? Ni mai wankin hula na. Na hi shekara hamsin ina roƙo, ƙahwag ga ko motsi. Malamai sun ce jarrabawa ta, na yarda, ban da ja. Amma abin da yas sa ni anka zaɓa ba ɗan maƙwabta ba, ba a hwaɗa mini ba. Kai ma ba a hwaɗa maka ba. Wanda yac ce maka ya sani, tambaye shi yaushe anka aiko mashi takarda.”

Sai ya nuna filin da ke gaban rumfar. “Tashi ka yi tahiyan nan.”

Na ce, “Baba, don Allah.”

“Tashi mana. Ai ka iya ta, ka hi ni iyawa. Yi, ɗiyakka ta gani.”

Wallahi na tashi, ban san me ya tashe ni ba. Na dafa gwiwa da hannu. Na juya sai ga idanun yarinyar a kaina, bakinta a buɗe, ta fara murmushi, don ta zaci yau babanta zai yi mata wasa. Wata uku tana jira. Ni da nake kwaikwayon mutum ko a bakin kabari, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Na tsaya a nan a sunkuye cikin rana, ƙato da ni, ina kuka da majina a gaban masu karɓar hula.

Ya ce, “Zamna.” Na zauna. “Tawa na yahe tun muna can, don ban ɗauke ka mai hankali ba. Amma kak ka sa rai yahiyata na miƙe ƙahwa. Da tana miƙewa da na hwara da tawa. Wadda za ka roƙa gahwara ga ta nan, wadda kak kira sakayya gaban idonta.”

Ya ja jiki ya matso, ya ɗauke ta ya ɗora a kan shanyayyar ƙafar. Ya ɗauko wata ƙaramar kube da ta bushe ya kifa mata, ta rufe mata ido ɗaya. Ya ce, “Hajiya, an yi miki sarauta, sai biyan kuɗin wanki.” Ta ƙyalƙyale da dariya, yawunta na zuba a rigarsa, bai ko goge ba. Sannan ya tofa mata addu'a, ya ce, “Allah shi ba ki lahiya. In bai ba ki ba, shi ba ki uban da ba ya gudun ganinki.”

Kun san ɗan Adam. Duk da abin da ya faɗa, washegari da safe sai da na sa mata jan takalmin nan. Na ce wa ya sani. Na tsayar da ita a tsakar gida, na riƙe hammatarta, na yi bisimilla, na sassauta hannu. Ta naɗe kamar rigar da ta faɗo daga igiya. Da ƙyar na tare ta kafin ta kai ƙasa. Takalmin ko ƙara ɗaya bai yi ba. Matata tana bakin murhu, ta juya baya kamar hayaƙi ne ya shiga idonta.

Yau shekararta goma sha biyu. Ba ta tashi ba. Ni ke ɗaukar ta, bayana har ya fara kuka irin na tsohuwar ƙofa. Mai wankin hula ya rasu da ƙafarsa yadda take, na je jana'iza, na ga an miƙar da komai a likkafani ban da ita. Addu'a ba mu daina ba, kuma ba za mu daina ba, don ba mu da wata ƙofar. Amma in na ce muku zuciyata ta yi sanyi na yi ƙarya. Akwai ranakun da in na ga sa'o'inta sun dawo daga islamiyya da gudu sai in ji abinci ya fita raina. Har gobe ban san dalili ba.

Masu sanin dalili dai ba su ƙare ba. Wannan ya ce sammu ne, wancan ya ce uwarta ta yi wanka da magariba tana da ciki, wani ya ce imaninmu ne da saura. Mutum bai san abin da zai ci da rana ba, amma ya san abin da Allah ke nufi da ɗiyar wani. Da nakan saurara. Yanzu sai in tambaye su yaushe aka aiko musu takarda.

Abin da na koya a rumfar nan ke nan, kuma da tsada na koye shi. Wulaƙancin da na yi wa bawan Allah nan laifi ne, ni zan amsa shi da bakina, ba ɗiyata ba. Naƙasasshe ba bulalar kowa ba ne, mutum ne. In ka ga wanda ya roƙa bai samu ba, kada ka buɗe masa littafin zunubi. Ka taya shi ɗaukar kayan, ko ka rufe bakinka.

Na koma yi mata kukan jaki da tafiyar agwagwa, ita kaɗai ce 'yar kallona yanzu. Jan takalmin yana nan kusa da filonta. Ta gano in ta danna shi da hannu yana ƙara, sai ta yi ta dannawa tana dariya. Ina taya ta dariyar. In ta ishe ni sai in fita waje in ce zan duba babur.