Me Ke Hannunta?

Jiya na wuce inda ake shanyar tattasai, yajin ya shige mini hanci, sai na tuna tsohon da ya koya mini rubuta labari. Badamagare ne da ya zauna a Diffa tun Nasara na mulki. Da hantsi yana sayar da tattasai, da la'asar yana rubuta hikayoyi da ajami. In ana karanta masa abu, rufe ido yake yi yana murza gemu.

Wata rana muna zaune a bakin kogin Komadugu, ruwa ya cika, na karanta masa labarina na farko, na masuncin da kogi ya ci. Na kai inda matar masuncin ta fashe da kuka, sai ya buɗe ido.

"Ɗana, da aka zo mata da labarin, me ke hannunta?"

"Baba, ban sani ba."

"To a ƙofar gidan ka tsaya, ba ka shiga ba tukuna."

Ba da jimawa ba aiki ya kai ni garin Gure. A can na gano amsar: akushin tuwon mijinta ne a hannunta, ta rufe da faifai kada ya huce. Na dawo cike da ɗoki in gaya masa, na tarar an binne shi tun kaka.

Na rubuta labarai da dama bayansa, ana yabawa, amma babu mai tsayar da ni ya yi tambaya. Allah ya haskaka kabarinka, Baba, ya sa ka huta.